Ɗan Buba da Ɓawon Ƙaguwa

Malam Mudi ba shi da mota, bai je Makka ba, gidansa ma na ƙasa ne a wani ƙauye da ke gefen hanyar Bakori zuwa Funtuwa. Amma a taɓo zancen tattasai a gabansa, yanzu ka ga ya gyara zaman hula. Irin da yake nomawa sunan gidansu gare shi, Ɗan Buba ake ce masa, don mahaifinsa Buba ne ya kwashe shekaru yana zaɓen 'ya'yan da suka fi kauri da ja yana ajiye irinsu, har abin ya zama nasa shi kaɗai. Ga tsoka, in an shanya ba ya baƙi, kuma guda uku sun isa su ja tukunyar miya. Mata a kasuwar Bakori da sunansa suke tambaya.

To, sai ga wani ciwo ya sa shi gaba shekara uku a jere. A yafa iri a fangalin reno, ya tsiro kore shar gwanin sha'awa, kwana goma sha biyu sai ka ga wuyansa ya yi baƙi daidai ƙasa, ya sirance kamar zare, ya kwanta. 'Yan da suka tsira aka dasa su, kafin su yi fure sun yanƙwane. Maganin feshi kuwa babu kalar da Mudi bai saya ba, har da wani mai warin da ya hana shi cin tuwo kwana biyu. Maƙwabtan da ya taɓa ba wa irin duk sun koma na leda da ake sayarwa a shago, ba wanda ya ajiye ko ƙwaya. Saboda haka duk Ɗan Buban da ya rage a duniya yana cikin wata tsohuwar gora da ke rataye a ɗakin Mudi, an cakuɗa shi da toka, an toshe bakin da totuwar masara. Da can in ya girgiza gorar nan ba ta amsawa saboda cika. Yanzu kuwa ƙaras-ƙaras take yi, abin da ke ciki bai wuce tafin hannu guda ba, kuma iri ne mai shekara huɗu da ba zai jira ta biyar ba.

Ana cikin haka, ruwan sama ya fara ja baya, sai ga 'yarsa Ummukulsum ta sauka daga motar Zariya. Ita ce ta uku a 'ya'yansa, sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiran sunan ba, Uwata yake ce mata. Tana karatun digiri na biyu a kan ƙwayoyin halittar nan da ido ba ya gani. Duk zuwan da take yi da burodi take zuwa da 'yar atamfar mahaifiyarta Inno. Wannan karon kuwa ɗan acaɓa ne ya biyo ta da buhu, yana tuƙi da hannu ɗaya yana toshe hanci da ɗayan.

Inno ta leƙa buhun ta ja da baya tana salati. Ɓawon ƙaguwa ne fal, har da 'yan ƙafafu da almakasai, ga wari kamar an buɗe kasuwar kifi a tsakar gida. Ta tambaya ko abin da ake koya musu ke nan a jami'a, kwasar shara. Da ta ji wai daka shi za a yi, ta je ta zauna daram a kan turminta, ta ce wanda ya isa ya zo ya ɗaga ta. Dole sai tsohon turmin da ake daka wa awaki dusa aka jawo daga bayan rumbu.

Mudi dai bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ya ce ta yi masa bayani yadda manomi zai gane. Ita kuma ta san ubanta, ba ta kawo masa Turanci ba. Ta ce abin da ke kashe masa reno wata fumfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, ta ɗebi ƙasar fangalinsa tun bara ta duba ta gani. Fumfunar nan tana da riga mai tauri, kuma abin da aka yi rigar da shi, kaitin sunansa, shi ne dai aka yi ɓawon ƙaguwa da shi. Akwai wasu ƙananan halittu kuma, bakteriya, da ba su da abinci sai kaitin, suna fitar da wani ruwa da ke narkar da shi kamar yadda yawu ke narkar da alewa. In aka zuba su a ƙasa aka ba su garin ɓawo suka ci suka hayayyafa, to duk fumfunar da suka tarar rigarta za su bi su cinye, ba riga kuwa ba ta rayuwa. Ta ciro galan biyu na wani ruwa mai kalar ƙanzo, ta ce wata huɗu ta yi tana renon su.

Mudi ya daɗe yana kallon galan ɗin. Shi dai ruwa ya gani. Amma yarinyar nan tun tana 'yar mitsitsiya ba ta faɗin abin da ba ta tabbatar ba, kuma gaskiyar magana ba shi da wata dabarar da ta rage. Ya ce fangalin reno biyu gare shi a fadama, ya ba ta duka.

Kafin la'asar labari ya gama ƙauye. Aƙilu, wanda gonarsa ke jikin ta Mudi, abokin wasansa ne tun suna yara kuma bakinsa ba ya shiru, shi ya fi kowa jin daɗi. Ya tsaya a kan iyaka yana kallon uba da 'ya suna cakuɗa garin ƙaguwa da ƙasa, ya ce ashe bana Ɗan Buba tafiyar gefe zai riƙa yi zuwa kasuwa. Mudi ya ce ko da tafiyar gefe ce zai riga na leda isa.

Suka zuba ruwan galan, suka juya ƙasa, suka lulluɓe da ciyawa. Ummukulsum ta ce sati uku za a yi ana ban ruwa safe da yamma ba tare da an shuka komai ba, kada a zuba taki, kada a fesa magani ko ɗigo. Ta maimaita har sau uku, ta koma makaranta, a kan za ta dawo ranar yafa iri.

Ai kuwa ba a taɓa yi wa fangali hidima irin wannan ba. Mudi da kansa yake ɗebo ruwa a rafi, bai yarda kowa ya taɓa ba. Mutane na wucewa suna ganin dattijo yana shayar da ƙasa tsirara, suna yi masa sannu da aiki suna danne dariya. A sati na biyu warin ya ɗauke, ƙasar ta yi laushi ta yi duhu, tana ƙamshi irin na ruwan farko. Ya ɗiba ya sansana ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta.

Ana gobe za ta dawo, sai ya ce bari ya rage mata aiki. Duk manomin kirki a ƙasar nan ya san ba a yafa iri a fangalin reno sai an yi masa babbaka. A jibga kara da busasshiyar ciyawa a kai, a cinna wuta, ta kashe irin ciyawa da ƙwari, tokar kuma ta zama taki. Haka Buba ya koya masa, haka yake yi shekara arba'in, abin ya zama kamar wanke hannu kafin cin abinci, ba ya bukatar tunani. Taki aka hana shi, da magani. Ba wanda ya ce masa kada ya sa wuta. Kuma da yake aikin 'yarsa ne, bai yi ƙwauron kara ba, dami huɗu ya sa maimakon biyu, wuta ta ci ta cinye har ƙasa ta yi ja. Ya koma gida yana jin yau ya kyauta.

Washegari da hantsi suka gangara fadama tare, yana gaba tana baya, gora a rataye a kafaɗarsa. Yana ta ba ta labarin yadda bai tsallake ban ruwa ko sau ɗaya ba. Da suka iso ya nuna mata da hannu, fangali biyu sun sha toka fari fat, an share gefe tsaf.

Ummukulsum ta tsaya cak. Ta durƙusa ta tura yatsu cikin tokar, ta tona, ta ƙara tonawa, ta ɗebo ƙasa ta murza ta zube kamar garin bulo. Mudi ya ga idonta ya kawo ruwa tana ƙoƙarin mayar da shi, sai ya san ya yi ɓarna tun bai san wace ce ba.

"Baba," ta ce a hankali, "masu rai ne fa."

Nan take ya gane. Sati uku yana shayar da su kamar jarirai, sannan ya tara musu kara ya cinna wuta da hannunsa. Ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba tun da ya girma. Ita kuwa har ta fara cewa laifinta ne, ita da ta tashi a gidan nan tana ganin babbaka duk shekara ya kamata ta tuna ta faɗa. Wannan ya fi yi masa ciwo a kan a ce faɗa ta yi.

Suka zauna a bakin fangalin ta lissafa masa yadda abin yake. Ruwan galan ya ƙare, kafin ta sake renon mai yawa haka daga ɗan abin da ta ajiye a ɗakin bincike sai an yi watanni. Ɓawon ma babu, wata mai sayar da kirefish da busasshen kifi a kasuwar Funtuwa, Iya Folake, ita ta tara mata, kuma kayanta ba za su sake zuwa daga Ikko ba sai bayan wata guda. In aka haɗa da sati ukun ban ruwa, lokacin reno ya wuce, tattasai zai yi fure a tsakiyar zafi lokacin da rafi ya ƙafe. Ko dai a yafa irin yau yadda aka saba a zuba wa Allah ido, ko a haƙura sai baɗi, kuma dukansu sun san irin ba zai kai baɗi ba.

Mudi ya yi ta juya gorar a hannunsa. Shi fa mutum ne da in ya ɓata abu ba ya iya zama. Can ya tambaye ta, su waɗannan halittun, ita a ina ta samo su tun farko, ai ba a jami'a aka halicce su ba. Ta ce a jujin da ke bayan shagon Iya Folake, inda ta fi shekara ashirin tana zubar da sharar ƙaguwa da kirefish, can ta ɗebi ƙasa cokali biyu ta tace su daga ciki. Ya ce to, abincin nasu fa, duk duniya ƙaguwa ce kaɗai ke da rigar nan? Ta ce a'a, duk ƙwaro mai ɓawo yana da ita, buzuzu, kyankyaso, fara.

"Fara?" in ji Mudi. "Farar da ake soyawa?"

Ta ce ita fa. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

Washegari tun da safe ya ɗaura buhu uku da fartanya a bayan babur ya nufi Funtuwa. Iya Folake na jera kaya ta ga dattijo da farin gemu ya yi sallama ya ce shi ne mahaifin Ummukulsum. Matar nan shekararta talatin a garin, Hausa a bakinta kamar ta 'yar Bakori. Ta rasa inda za ta sa shi don murna, ta jawo kujera, ta ce yarinyar nan tasa mai hankali ce, har maganin ciwon gwiwa take kawo mata. Da ta ji abin da ya kawo shi sai ta riƙe haɓa. Ta ce haba Baba, ya zauna ta nemo masu dako su haƙa masa. Ya ce a'a, hannun da ya sa wuta shi zai yi haƙa.

Jama'a, ku zo ku ga Malam Mudi, mutumin da ko kasuwa zai je sai ya sa hula mai kari, ya naɗe ƙafar wando ya hau juji a tsakiyar kasuwar Funtuwa. Ya ture ledoji da gwangwanaye, ya yi ta sara har ya iso baƙar ƙasa mai laushi da 'yan ɓaraguzan ɓawo a ciki. Da ya sansana ya ji ƙamshin nan na ruwan farko, irin wanda fangalinsa ya yi kafin ya ƙona shi, sai ya san ya iso wurin. Masu keke napep na rage gudu suna kallo. Kuma saboda abin kunya ba ya rasa mai shaida, sai ga Aƙilu ya zo sayen taki, ya tsaya baki buɗe. Ya ce Mudi lafiya, ko wani abu ya faɗa maka a ciki? Mudi ko ɗagowa bai yi ba, ya ce taki yake saye shi ma, nasa dai ba a leda yake ba.

Daga nan ya zarce layin masu suyar fara. Akwai wata Mairo da ta fi kowa babban kasko, ita da mata uku suna zaune suna figar fukafukai da ƙafafu kafin a zuba a mai, tarin abin ya yi tudu a gefensu, iska na ɗiba. Da ya ce fukafukan da ƙafafun yake so, Mairo ta ce kaji zai ba wa? Ya ce wasu dabbobi ne dai na 'yarsa, ƙanana ne ƙwarai. Ta ce ya kwashe duka ya rage musu shara, gobe ma in yana so ya dawo.

Da ya iso gida, wari na gaba yana biye, Inno ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ba ta yi tsiyar da ya zata ba. Ta leƙa buhun fukafukan, ta ce fara ai abinci ce, ta mirgino turminta mai kyau da kanta ta kama daka.

Ummukulsum kuwa murna da tsoro suka haɗu mata. Ta gaya masa gaskiya, ƙasar juji ba kamar ruwan galan ba ce, tarkace ne a ciki, akwai na kirki akwai na banza, ba za ta yi masa alkawarin komai ba. Amma kamar nono ne, in aka zuba ɗan tsoho a sabuwar madara shi ke kama ta, kuma tunda abincin da za a zuba na masu cin kaitin ne, su ya kamata su rinjayi saura. Suka kwashe ƙonanniyar ƙasar fangali ɗaya suka cakuɗa da ta juji da garin fara. Buhunan ba su isa fangali na biyu ba, aka bar shi da tokarsa. Ta ƙulla 'yar ƙasa a leda ta tafi Zariya ta duba.

Bayan kwana goma sha biyu ta dawo da wani ɗan faranti na gilashi mai murfi, a naɗe cikin tsumma. Ta ce ya ɗaga shi saitin rana. Abin da ke ciki fari ne dusu-dusu kamar kamu ya kwanta, ta ce garin ɓawo ne aka dama. A kansa akwai ɗige-ɗige, kuma kowane ɗigo an share kewayensa tas har haske na wucewa. Ta ce ɗigon su ne, filin kuma abin da suka cinye ne, daga ƙasar da ya haƙo da hannunsa. Mudi ya ƙirga fili bakwai. Ya daɗe bai sauke farantin ba, don bai taɓa ganin aikin abin da ba a gani ba sai ranar.

Ranar yafa iri ta zo da nata rikicin. Mudi ya zare totuwa ya juye gorar a faifai, ya busa tokar, ga iri ɗan kaɗan abin tausayi. Sai Ummukulsum ta ce tana roƙon a raba, a yafa kashi ɗaya cikin huɗu a fangalin da aka bari da babbaka kawai. Ya dube ta kamar bai ji ba. Ya ce ta san abin da fangalin nan zai yi wa irin, shekara uku yana gani. Ta ce ta sani. Amma in aka zuba duka a wuri ɗaya ya rayu, Aƙilu zai ce shekara ce ta yi kyau, malamanta ma haka za su ce da nasu Turancin, ita kanta ba za ta san gaskiya ba, kuma ba za ta iya ce wa wani manomi ya yi abin da ba ta tabbatar ba.

Wallahi da wani ne ya faɗi haka da ya sha zagi. Mudi ya kalli faifan, kowace ƙwaya yana jin ta kamar haƙorinsa. Sai dai a ƙarƙashin jin zafin akwai wani abu mai daɗi, wai 'yar da ya haifa ce ke tsaye a gabansa tana ƙin karɓar yabon da ba ta tabbatar nata ba ne. Buba ma haka yake, ba ya ajiye irin tattasan da bai ɓara ya duba cikinsa ba. Ya sa gefen hannu ya ware kashin, ya tura mata.

"Wancan fangalin Buba ne, wannan naki," ya ce. "Kowa ya nuna aikinsa."

Kwana takwas duka biyun suka tsiro, ba yawa, don irin ya tsufa, amma sun tsiro. Ummukulsum ta ƙi komawa makaranta. Kullum da sassafe suna tsugune a bakin fangali, ita da littafi tana ƙirga tsirrai, shi yana duba wuyansu ɗaya bayan ɗaya. Kwana na goma sha ɗaya aka fara. A fangalin Buba guda shida suka kwanta, wuya baƙi kamar zare. Washegari ashirin. Mudi ya san abin zai zo, amma duk da haka sai da ya juya baya.

Kwana na sha uku kuma sai ga uku sun kwanta a fangalinta, can gefen da ruwa ke shigowa. Ranar ba wanda ya ci abincin kirki a gidan. Ummukulsum ta rubuta ukun a littafinta, ba ta rage ko ɗaya ba. Washegari biyu suka ƙara faɗuwa. Mudi ya riga ya fara shirya maganar da zai lallashe ta da ita, cewa iri ai abin duniya ne, alhali shi kansa bai yarda da maganar ba.

Daga biyar ɗin nan kuwa abin ya tsaya. Kwana sha biyar, sha takwas, ashirin, tsirrai suka yi ganye huɗu, suka yi shida, kara ya yi kauri ya fara tauri. Fangalin Buba ya koma fili sai 'yan tsiraru tara da ke tsaye a karkace. Nata kuwa ya cika ya yi duhu, ɗari uku da 'yan kai a ƙirgarta. Aƙilu ya zo ya tsaya tsakanin fangalin biyu, ya kalli dama ya kalli hagu, ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

Da lokacin dashe ya yi, da ƙasarsu aka ciro kowane tsiro, aka zuba garin fara a kowane rami. Mudi ya zama ɗan gida a layin Mairo, har ajiye masa fukafukai ake yi a buhu. Wasu sun mutu bayan dashen, ba a rasa ba, amma mafi yawa suka yi fure suka ɗauka. Da tattasai ya nuna, ja wur, mai kaurin nan da aka kusa mantawa, kwandon farko bai kai kasuwa ba. Ya raba shi biyu, rabi ga Iya Folake, rabi ga Mairo.

Sannan ya bi gona da kansa ya zaɓi 'ya'yan da suka fi kowanne, ya ɓara, ya duba, ya shanya irin a inuwa. Ranar da ya cika gorar Ummukulsum na gida. Ya toshe da sabuwar totuwa, ya kai kunne ya girgiza, shiru. Ya miƙa mata ya ce ita ma ta girgiza ta ji. Ta girgiza, ta yi dariya, sai hawaye, Inno na daga bakin murhu tana cewa ga su nan, uba da 'ya sun tasa gora gaba kamar an yi haihuwa.

A ranar ne Aƙilu ya yi sallama da tsohon kwano a hannu, yana ta kame-kame, wai ko za a ɗan sam masa ƙasar fangalin nan, nasa tumatirin ma ya fara kwanciya. Mudi ya daɗe yana jiran wannan rana, ya tanadi maganganu sun fi goma. Amma da ta zo sai ya ji ba ya bukatarsu. Ya ce ƙasar ba tasa ba ce, mai ita na ciki, a yi mata sallama a tambaye ta. Haka Aƙilu da furfurarsa ya zauna a kan tabarma, yarinyar da ya taɓa saya wa alewa tana yi masa bayani yana gyaɗa kai. Da ta gama lissafa masa sharuɗɗa, ban ruwa sati uku, ba taki, ba magani, Mudi ya yi gyaran murya daga gefe ya ce a ƙara da wuta, kada ya kuskura ya sa wuta, ya ji an ce wani ya taɓa yi.

Ranar kasuwar Bakori ya sa hularsa mai kari ya kasa tattasai. Wata tsohuwa ta zo wucewa ta tsaya, ta ɗauki guda ta matsa, ta juya shi, ta ce kai, wannan kamar Ɗan Buba, ita da ta ɗauka ya ƙare. Ya ce shi ne. Ta ce to ya aka yi ya dawo da shi, bayan kowa ya ce ƙasar ta ƙi shi?

Mudi ya gyara zaman hula, ya ɗaga murya yadda na kusa da na nesa za su ji.

"Iri na ubana ne, ƙasa ta 'yata ce," ya ce. "Ni ban ruwa kawai na yi."